Mutum Ba Shi Da Mariƙi

Ranar da Tela ya yar da ubansa a bakin gado babu wanda ya karye, amma maganar ta kai kunnen Yaya tun kafin rana ta take.

Uban tsohon magini ne. Gidan da suke ciki da hannunsa ya ɗora bulonsa tun daga tushe. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, har ya fi da kaifi, amma hannu da ƙafa sai a hankali. Kullum da safe sai an ɗago shi daga gado an ɗora a kujera mai taya, a tura shi banɗaki, a sake ɗagawa. Tela ne da wannan aiki, don Baba ya ce surukarsa ba za ta riƙe shi ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. To shi Tela tun yana saurayi yake zaune a kan keken ɗinki. Ƙwauri kamar kara, tumbi a gaba, doro na leƙowa ta baya. Abu mafi nauyi da yake ɗagawa a shago shi ne dutsen guga.

Ran nan ya sunkuya ya cusa hannu a hammatar tsohon ya ja. Sai ya ji wani abu ya ce ƙas a kwankwasonsa, ƙafafu suka saki. Su biyun suka zube tsakanin gado da bango, uba a sama, ɗa a ƙasa. Matar Tela ce ta ruga ta kirawo maƙwabcinsu direban tasi, ya zo ya raba su.

"Auta," in ji Baba yana kallon silin, "ni na gina ɗakin nan, amma ban taɓa ganinsa daga nan ƙasa ba. Na gode."

Da yamma Yaya ta iso. Ita ce babbar 'yar gidan, mace mai jiki da murya, 'ya'yanta maza duk ƙarti. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Ba shawara na zo yi ba," ta ce. "Ana gyara ɗakin baƙi a gidana. Da fenti ya bushe zan zo da mota in ɗauke shi. Yarana kowannensu da hannu ɗaya zai ɗaga Baba. Kai dubi yadda kake tafiya, kamar mai naƙuda."

"Yaya, gocewa ce kawai."

"Gocewa! Gobe in kansa ya daki bakin gado fa? Me za ka ce mini?"

Baba ya juya fuska bango ya yi kamar mai barci. Sai da ƙarar motarta ta ɓace ya ce, "A ɗakin nan uwarku ta cika. Ni warin sabon fenti hawa mini kai yake." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, Tela kuwa ya gane sauran.

Da kwankwaso ya lafa, sai ya roƙi direban tasi ya riƙa leƙowa da safe yana kama masa kafin ya fita aiki. Shi kuma ya nufi bayan garejin da ke ƙarshen layinsu. Akwai rumfar kwano a nan, inda maza ke ɗaga ƙarfe da sassafe kafin kowa ya kama sana'arsa. Mai wurin makanike ne, ana ce masa Janwe, tun ranar da jak ɗin ɗaga mota ya lalace ya ɗaga bayan wata ƙaramar mota aka cusa mata bulo. Gajere ne, wuya ya haɗe da kafaɗa, furfura ta cinye gemu.

Kayan wurin duk haɗin gida ne: sandunan ƙarfe, gwangwanayen fenti cike da kankare, tsofaffin diram na birki da ake zurawa a sanda, benci da aka lulluɓe da yankin katifa, sai fasasshen madubi jingine da bango. Wani ƙaton mahauci na kwance a bencin yana tura ƙarfe sama yana gurnani. Da ya ga Tela sai ya tashi zaune.

"A'a! Awo ka zo yi mana? Damtsena ya yage rigar da ka ɗinka mini."

"Ƙarfe na zo ɗagawa."

Rumfar ta ɗauki dariya. Janwe bai yi ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Don me? Aure za ka ƙara?"

"Ubana nake so in ɗaga."

Dariyar ta mutu. Duk layin an san halin da tsohon magini ke ciki. Mahauci ya sosa ƙeya ya koma ya kwanta.

Tela ya nufi wata sanda mai gwangwani biyu, da niyyar ya fara murza damtse kamar yadda ya ga samari na yi a gaban madubi. Janwe ya taka sandar da ƙafa.

"Ajiye. Wa ya ce maka da hannu ake ɗaga kaya? Hannu ƙugiya ce, riƙewa kawai take yi. Cinya da ɗuwawu su ne injin." Ya shiga gareji ya fito da sandar mofa ta goge ƙasa, ya miƙa masa. "Ga naka."

"Wannan ai matata ma tana ɗagawa."

"Ita ta iya. Kai ba ka iya ba."

Ya tsayar da shi gefe da madubi don ya ga kansa. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, tafin ƙafa duk a ƙasa, dunduniya kada ta tashi. Ɗuwawu ya fara komawa baya, kamar mai rufe ƙofar mota da shi don hannunsa na riƙe da kaya. Gadon baya a miƙe. Sanda na goga ƙwauri tana sauka, tana goga shi tana hawa. Da Tela ya lanƙwasa baya sai Janwe ya ɗana masa tsumma a doro.

"Ka koma keken ɗinki ke nan! Fito da ƙirji. Kaya in ya yi nisa da jikinka nauyinsa ninkuwa yake, bayanka ne zai biya. Ja numfashi ka cika ciki, ka ɗaure shi kamar za a naushe ka. Tashi. Yanzu saki."

Bayan wannan sai tsuguno, ya zauna a kan akwatin batir ya tashi ba tare da dafa gwiwa ba. Tela ya yi 'yan kaɗan cinyoyinsa suka fara rawa. Washegari da zai sauka daga gado sai da ya kama ƙofa. A shago ya kasa taka feda, ya wuni yana yanka da sa maɓalli.

"Duka suka yi maka a can?" matarsa ta tambaya tana miƙa masa ruwan zafi.

"Sandar mofa ce."

"To ai da ka faɗa, ga tawa nan a bayan ƙofa, kuma tsakar gida na jira."

Da safiyar ranar ma sai da ya leƙa rumfa, Janwe ya kore shi. Ya ce yau aiki, gobe hutu, don jiki ba a rumfa yake ginuwa ba, a kan katifa yake ginuwa. Ya ce ya ci ƙwai da wake da nama in ya samu, ya bar wunin shayi da burodi. Mahauci ma ya shiga maganar, ya fara ajiye masa ƙashi mai ɓargo yana cewa kada ya mutu musu a rumfa a ce su ne.

A hankali sandar mofa ta koma sandar ƙarfe ba komai a jikinta. Daga nan aka zura ƙananan diram, sannan manya. Janwe ba ya ƙara nauyi sai ya ga na jiya ya tashi sumul ba karkacewa, kuma kaɗan yake ƙarawa, har Tela na jin haushi. Amma ya lura da wani abu: ya daina dafa tebur in zai tashi daga keke. Tafin hannunsa ya yi kanta har zare na maƙalewa. Wandonsa ya sake a ƙugu ya matse a cinya, ya zauna ya gyara abinsa yana murmushi shi kaɗai. Abin ya fara yi masa daɗi, ƙarar ƙarfe da sassafe, warin baƙin mai, da ihun da maza ke yi in kaya ya tashi. Shi ma ya koyi nasa ihun.

Yaya kuwa takan bugo waya. An gama filasta. An sa taga. Mai fenti ya yi shafe na farko.

Wata safiya Tela ya ɗaga sanda mai manyan gwangwanaye daga ƙasa har ƙugu, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Mahauci ya buga masa baya har ya yi tari.

"Wannan ya fi Baba nauyi, wallahi. Ka gama, Tela!"

Janwe na ƙarƙashin wata mota a lokacin, bai ji ba. Tela ya tafi gida ƙirji a gaba. Ya tarar da direban tasi a ƙofa ya ce masa ya je abinsa, yau ba sai an kama masa ba. Ya shiga ɗakin Baba ya zaunar da shi a bakin gado, ya buɗe ƙafafu, ya tura ɗuwawu baya, ya cika ciki da iska. Ya rungumo tsohon ya fizga sama da ihu: "Hap!"

Baba ya firgita. Hannunsa mai lafiya ya maƙale wuyan Tela ya ja shi ƙasa, ƙafar da ta shanye ta zame tsakanin ƙafafun Tela, rigar barci ta sulɓe daga hannu. Allah ya taimaka a kan katifa suka faɗa.

Tsohon ya daɗe yana haki. Sannan ya ce, "Ni buhun siminti ne? Ko siminti ba a yi masa ihu. Kira yayarka ta zo ta ɗauke ni, kafin ka kashe ni da ƙarfinka. Da ba ka da shi ma na fi samun lafiya."

Tela ya koma gareji ko karyawa bai yi ba. Ya tsuguna kusa da ƙafafun Janwe da ke leƙowa daga ƙarƙashin mota, ya faɗa masa duka. Janwe ya turo kansa waje ya dube shi.

"Wa ya ce ka gama?"

"Mahauci."

"Mahauci abin da yake ɗagawa ya riga ya mutu. Muje in ga tsohon."

Ya wanke hannu da omo, ya cire takalmi a ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya gaida Baba kamar yadda ya kamata. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai koya wa mutane ɗaga kankare su ajiye a inda suka ɗauka? Mu a zamaninmu in mun ɗaga, bene yake zama."

"Ni ne, Baba. Abin da ya sa na zo wurin masu aikin gaske ke nan."

Janwe ya dubi gadon, ya danna katifa, ya dubi kujerar. Ya ce gadon ya yi ƙasa da yawa, mai lafiya ma da ƙyar zai tashi daga nan. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙafar Baba ta dama.

"Tura ni, Baba."

"In tura ka ina?"

"Waje. Ai na ga ba ka son ganina."

Baba ya tura. Janwe ya yi baya kaɗan ya dafa ƙasa.

"To ga ƙafa nan da ranta! Baba, kana da wannan kake barin Tela yana ɗaukarka kamar gawa? Ba ɗaga ka za a yi ba. Kai za ka tashi, shi ya raka ka."

Baba ya dubi ƙafar. Tun da ciwon ya same shi babu wanda ya ce masa ya yi wani abu da kansa, kowa sai sannu. Likita ya taɓa faɗar motsa jiki, amma aka bar maganar a asibiti.

Janwe ya juya ga Tela. "Kai kuma, ƙarfe ba ya tsoro, ba ya kama wuya, kuma yana da wurin riƙewa. Mutum ba shi da mariƙi. Hammata ba mariƙi ba ce, riga ba mariƙi ba ce. Wannan ban san yadda za ka yi da shi ba."

Tela ya dubi ƙugun ubansa. Idonsa na tela ya riga ya auna.

A ranar ya ture ɗinkin mutane gefe. Ya samo yankin tamfol mai kauri, ya ninka, ya sa soso a ciki don kada ya ci fata, ya yi ɗamara mai faɗin tafin hannu. Ya nemo bel ɗin kujerar mota a gareji ya yanka, ya ɗinka mariƙi biyu, ɗaya a kowane gefe, ya bi su da ɗinki kan ɗinki har allura biyu suka karye. Da ya gama ya ɗaura wa mahauci ya ce ya saki jiki, ya kama mariƙi ya ja shi sama. Ɗinkin bai ko yi ƙara ba.

Gadon kuma aka ɗaga shi da bulo. Baba na kujera yana ba da umarni, ya sa aka canja bulo ɗaya don ya ce gefensa a cinye yake, ya sa aka ɗora kofin ruwa a kan katakon gado ya ga ko ya karkata. Rabon da a ji muryarsa haka tun kafin ciwo.

Daga nan aka shiga koyo, su biyu. Baba ya matso bakin gado. Ƙafa mai lafiya ta koma baya kaɗan, a ƙarƙashinsa. Tela ya tokare gwiwar da ta shanye da tasa gwiwar don kada ta zame. Hannun Baba a kafaɗa, ba a wuya ba. Tela ya kama mariƙi, baya a miƙe, ƙirji dab da ƙirji. Babu ihu. Baba ne mai cewa a tashi, don kada a zo masa ba shiri. Ya sunkuyo da kai gaba, ya taka ƙasa, su miƙe tare, su juya a hankali, ya zauna.

Farko rabin tashi yake yi ya koma. Yakan zagi ƙafar, ya zagi Janwe, ya zagi wanda ya ƙera gadon. Amma da rana, in Tela na shago, matarsa takan jiyo tsohon yana tura ƙafa jikin bango yana ƙirgawa shi kaɗai. Ya fara cinye abincinsa har yana tambayar ko da saura. Direban tasi ya koma leƙowa gaisuwa kawai.

Ran da fenti ya bushe, Yaya ta zo da mota da manyan 'ya'yanta biyu da jakar zuba kaya. Ta tarar da Baba zaune a bakin gado da ɗamarar tamfol a ƙugu.

"Wannan kuma mene ne? Ɗaure shi kuke yi?"

"Ke Babba, matsa daga hanya," in ji Baba. "Auta, zo."

Samarin suka yunƙuro za su kama, ya ɗaga musu hannu. Tela ya tsaya a gabansa ya gyara ƙafafu. Ya goge tafin hannu a wando ya kama mariƙi. Baba ya dube shi ido cikin ido.

"Kada ka yi mini ihu."

"Ba zan yi ba."

"To mu tashi."

Suka tashi. Tela ya ji nauyin ya hau cinyoyinsa ya zauna daram, bayansa bai ce komai ba. Da suka miƙe, maimakon su juya wajen kujera, Baba ya tsaya. Ya ɗago kai. Ashe har yanzu ya fi Tela tsawo. Ya dubi 'yarsa daga sama, ya dubi jikokinsa.

"Kai, wannan ya yi gemu ban sani ba," ya ce da babban jikan. "Kullum daga ƙasa nake ganinka, sai hanci."

Sannan suka juya, ya zauna a kujera a hankali, ba faɗuwa ba.

Yaya ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce ƙura ce. Ta zo ta ja mariƙin ɗamarar da ƙarfi, ta duba ɗinkin ciki da waje kamar mai neman abin faɗa.

"A sake in gani," ta ce.

Aka sake, daga kujera zuwa gado, daga gado zuwa kujera. A na ƙarshe Baba ya yi haki, amma bakinsa bai mutu ba.

"Kin gani ko sai mun yi miki rawa?"

"Baba, ɗakin fa na kashe masa aiki. Har labule na sa."

"Allah ya yi miki albarka. Zan zo in kwana biyu in ga aikin maginin naku, in faɗa miki inda ya cuce ki. Amma nan zan dawo."

Yaya ta juya ga ƙanenta. Ta daɗe tana kallonsa, kafaɗa zuwa ƙafa.

"In ka sake yar da shi, Auta, ba mota zan zo da ita ba."

"Na ji, Yaya."

"Kuma ranar da za ka je wurin ƙarfen naka, ɗaya daga cikin waɗannan zai zo ya zauna da shi. Ka koya musu riƙon. Ƙarfi ne da su kamar shanu, amma ba su san komai ba."

Ta miƙa wa ƙaramin cikin samarin jakar ta ce ya mayar mota. Sannan ta cire mayafi ta rataye a ƙofa, ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa matar Tela kira, tana tambaya ko a gidan nan ba a ba baƙo ruwa.